Darasin Hutu da Mai Baƙin Tabarau

Saura kaɗan in fasa ba ku labarin nan. Mu mutanen Alsahafa, unguwar nan tamu ta Khartum, haka aka raine mu: in ka ga abu ka haɗiye, in an tambaye ka ka ce barci kake yi. Amma jiya ina zaune wajen mai shayi na ji ɗayanku, cikin ku samarin da kuka gama jami'a kuna jiran aiki, yana cewa, "In abin ya ƙi, ai sai in sayi allo in buɗe darasin hutu. Me ke ciki?" Me ke ciki! To ja kujera ka zauna, ya zol, kai ɗan'uwa, in gaya maka abin da ke ciki.

Ni a Jazira aka haife ni, nan cikin Sudan, a ƙauyen 'yan ƙwadagon auduga. Na yi yawo iya yawo. Na zauna Madani, na zauna Gadarif, na ci kifi a Bur Sudan, na haye Jidda, har Kano na je ganin garin kakanni, inda suka yi ta dariyar Hausata wai komai sai in ce "halas" da "tamam". Duk inda na sauka sana'ata ɗaya ce: in an rufe makarantu, in tara yara in koya musu nahawu da adon magana, don kada jarrabawar Larabci ta kayar da su in an koma.

Aikin farko da maigidana a sana'ar ya ba ni ba koyarwa ba ce. Ustaz Babikir sunansa, wani dogon dattijo a Umdurman, wanda bai iya ko "sannu" da Hausa ba. Ya miƙo mini katakon akwatin shayi da tsofaffin batura ya ce in yi allo. Za ka fasa batirin, ka ciro baƙin nan na ciki, ka daka shi ya yi laushi, ka kwaɓa da ruwan ƙaro, ka shafa da tsumma, ka shanya a inuwa. In ka shanya a rana ya tsattsage. In ƙaro ya yi yawa allon ya yi santsi, alli ya riƙa zamewa yana ƙara irin wadda ke kashe haƙori. In ya yi kaɗan, kafin azahar jallabiyarka ta koma ta mai gawayi. Na daɗe ina ɓata katako kafin ya duba ya ce, "Wannan ya yi." Ku da kuke sayen farin allo da alƙalami mai wari ba ku san wannan ba, kuma ban ce ku koma ba.

Bayan allo sai misali. Ustaz Babikir ya ce mini yaron hutu jikinsa ne kawai a gabanka, hankalinsa yana kan titi. Kada ka kira hankalin, ba zai zo ba. Ka gano inda yake, ka ɗauko wurin ka sa a allo. Littafin makaranta yana kawo misali da tuffa da ƙanƙara mai sauka daga sama, abin da yaron bai taɓa gani ba. Mu kuwa da azumi misalinmu abin shan buɗa-baki ne, da Ƙaramar Sallah sabon takalmi, da Babbar Sallah kuma rago. Babu abin da ya kai rago koyar da nahawu, wallahi.

Abin da na ƙara a kan na maigidana shi ne Hausa. 'Ya'yanmu a gida Hausa suke ji, a makaranta kuwa in ta kuɓuce musu a ce suna rutana, wato yaren da ba Larabci ba, a yi musu dariya. Sai yaro ya zauna shiru shekara guda bai gane komai ba, yana tsoron tambaya. Ni sai in rubuta da Larabci, in fasa musu da Hausa.

"Isim suna ne. Rago, wuƙa, gawayi. Fi'il aiki ne. Yanka, feɗewa, gashi. Wa ya yi aikin?"

"Mahauci!"

"Shi ne fa'il. A kan wa aikin ya faɗa?"

"Rago!"

"Shi ne maf'ul, ga shi can ɗaure yana kuka, shi kaɗai ne bai son darasin nan."

Adon magana ma haka. In ka ce ragon ya yi ƙiba kamar buhun dawa, ka yi tashbihi, kamantawa ke nan. In ka jefar da "kamar" ka ce zaki ya shigo gida da wuƙa, alhali kawunka mahauci kake nufi, ka yi isti'ara, ka aro masa suna. In ka ce ragonmu ya fi motar haya girma, ka yi mubalaga, ka zuba gishiri har ya yi yawa. In ka ce gidan su wane hayaƙi ba ya yankewa, kana nufin masu kyauta ne, ka yi kinaya, ka nuna abu da leɓe ba da yatsa ba. Yaron da ya ji wannan da warin gashi a hancinsa ba ya mantawa.

Amma akwai doka. Ragon allo ba na kowa ba ne. Ba ka sa sunan uban yaro a misali, ba ka tambayi wa ya yanka a gidansu ba. Akwai gidan da ba a yanka ba, maƙwabta suka aika da nama ta bayan gida, kuma ba aikin malami ba ne ya tona.

Iyaye kuwa kala-kala ne. Akwai mai zuwa ya ce, "Ustaz Idrisa, ka yi masa Hausa sosai, uwarsa ta ce ya fara amsa mata da Larabci." Akwai mai jan ka gefe ya ce, "Kada ka yi masa Hausa ko kalma ɗaya, so nake bakinsa ya wanke." Su biyun kuma 'ya'yansu a kan tabarma ɗaya suke zaune. Sai ka san yadda za ka yi.

Shekarar da nake son ba ku labari, ruwa bai sauka ba a yammacin ƙasa, mutane suka yi ta kwararowa Khartum, dawa ta yi tsada. Shekarar ce kuma kasha ta yi zafi. Ku ba ku gan ta da ƙarfinta ba. Babbar mota ce za ta tsaya a bakin kasuwa, a ce kowa ya fito da takardarsa, wanda ba shi da ita a loda shi. Mu kuwa da yawanmu a nan aka haifi kakanninmu, amma takardar zama ɗan ƙasa sai wanda Allah ya ba. Don haka duk baƙuwar fuska a unguwa sai an san uwarta da ubanta.

A lokacin ina darasi a farfajiyar Hajja Kaltume, ƙarƙashin rumfa. Tsohuwa ce mai sayar da godogodo, furar nan tamu ta gero da nono. Ita ta ba ni wurin, ba don komai ba sai don jikokinta suna ciki. Katangar gidan gajera ce, iya ƙirji, a bayanta kuma akwai bencin wata mai shayi. Babbar Sallah ta faɗo cikin dogon hutu a shekarar, yara sun cika rumfa har wasu a kan gwangwanin madara suke zama.

Wata safiya ina tsakiyar fa'il da maf'ul na ɗaga kai, sai na ga mutum a bencin. Riga da wando iri ɗaya ruwan toka irin na ma'aikatan gwamnati, takalmi yana ƙyalli, baƙin tabarau, jarida a hannu. Takalmi mai ƙyalli a layinmu! Mu da ko akuya in ta bi sai ta fito da ƙura har gwiwa. Na ce mai jiran wani ne. Washegari ga shi. Jibi ga shi. Da na fara darasi zai zo, da na goge allo zai tashi. Jaridar kuwa ba ya juya shafi.

Wanda ya fara zuwa mini shi ne Abakar mai agashe, wanda ke gasa tsire a bakin titi, 'ya'yansa mata biyu suna wurina.

"Ustaz, baƙonka ne?"

"Wane baƙo?"

"Kada ka yi mini haka, ni ba yaron rumfarka ba ne. Mai tabarau."

"Ban san shi ba, Abakar."

"To shi ya san ka. Mai shayi ta ce bakinsa yana motsi in kana magana. Haddacewa yake yi."

"Wataƙila nahawu yake so."

"Nahawu? Da wannan takalmin? Ɗan amni ne, wallahi, mai leƙen asiri. Sunayen yara yake ɗauka, daga yara a gane iyaye."

Na yi dariya, amma na daina kiran yara da sunan uba. Sai "ke mai jan ɗankwali", "kai mai kunne". Na aika masa da shayi ta hannun mai shayin don in ji bakinsa. Ya yi godiya da Larabci tsantsa irin na mutanen bakin kogi, wanda ko ni da yawona ban iya lanƙwasa harshe haka ba. Mai shayi ta tambaye shi inda yake aiki, ya ce, "A ofis." Wane ofis? Ya kurɓi shayinsa.

Sai na yi dabara. Na ce bari in gwada shi. Ran nan na yi darasin gaba ɗaya da Larabci, ban saka Hausa ko ta atishawa ba. Yara suna kallona kamar an canza musu malami. Kafin in kai rabi, mutumin ya naɗe jaridarsa ya tafi. Washegari na koma Hausa, ya zauna har ƙarshe.

Da ban gwada ba da ya fi. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa.

"Kun gani?" in ji Abakar a ƙofar masallaci. "Hausar yake bi. So yake ya san gidajen da ake rutana."

Cikin makon kasha ta sauka a kasuwar Alsahafa, aka tafi da mutane, har da ƙanen matar Abakar. An sako shi daga baya, amma magana ta riga ta zauna. Yara suka fara raguwa. Yau a ce wance tana taya uwarta aiki, gobe a ce wane ya tafi Alhilla Kuku wajen gwaggonsa. Gwangwanayen madara suka koma babu kowa a kansu, sai tabarma ta fara yin fili.

Daga nan zargi ya juyo kaina. Ai dole. Mutumin da ya je Jidda ya je Kano ya dawo ba mata ba shago, wa ya san wa ya aiko shi? Wa ya ce ya tara 'ya'yan mutane a bayan gajeriyar katanga ya riƙa ɗaga murya da Hausa? Ba shi ya aika wa mai tabarau da shayi ba? In na yi sallama a majalisa sai hira ta koma kan tsadar albasa. Abakar da ke ƙara mini yanka ɗaya a kan agashe, ya koma auna mini daidai.

Ana jibi Sallah Hajja Kaltume ta kira ni. Tana zaune tana dama gero, ba ta ɗago ba.

"Idrisa."

"Na'am, Hajja."

"Ni ban ce kai ne ba."

"Na gode, Hajja."

"Ban kuma ce ba kai ba ne. Ina da jikoki a gidan nan, rabinsu ba takarda. In an gama cin naman Sallah, ka ɗauki allonka."

Babu wani gida a unguwar da zai karɓe ni bayan wannan, kuma labari irin wannan yana riga mutum isa Umdurman. Na ce, "Hajja, ki bar ni in yi darasin washegarin Sallah, in sallami yaran."

Darasin washegarin Sallah al'adata ce duk inda na je. Ba a rubutu ran nan. Kowane yaro zai zo da ɗan abin da ya samu, soyayyen nama ko dabino, a zuba a tire ɗaya don kada a san na wa ye wanne, kuma ba mai sa hannu sai ya biya da jimla: tashbihi ɗaya, ko mubalaga, ko kinaya. Yaran da suka zo ran nan ba su cika tabarma ɗaya ba. Iyaye maza kuwa sun zo, sun tsaya a bakin ƙofa wai gaisuwar Sallah suka kawo wa Hajja. Abakar yana gaba, hannu a naɗe a ƙirji.

Mutumin kuma ya zo. Ranar da ko ofisoshi a rufe suke! Farar jallabiya ya sa, amma tabarau na nan, takalmi na nan.

"Ka gani," Abakar ya ce a hankali. "Ko hutu ba a ba shi."

Jikar Hajja ta miƙe ta ce, "Kitsen ragon yana narkewa kamar kakata in an yabi furarta." Aka yi dariya, Hajja ta ce za ta gamu da ita. Ni ina satar kallon benci, na ga kafaɗar mutumin ta motsa. Ban tabbata ba ko tari ne.

Hajja ma ta gani. Ta ajiye ludayi, ta cika kwano da godogodo, ta ɗauki sandarta ta nufi ƙofa. Maza suka buɗa mata hanya. Abakar ya ce, "Hajja, ina za ki?" Ta fita ta tsaya tsakiyar layi, ta dube shi sama da ƙasa. Ba ta yi masa Larabci ba, ba ta ce masa ustaz ko sayyid ba. Ta daka masa tsawa irin wadda ake yi wa ɗan cikin gida:

"Kai ɗan nan! Wane irin rashin tarbiyya ne wannan? Ranar Sallah kana ganin babba ka zauna ƙafa kan ƙafa? Taso nan!"

Abin da ya faru bai kai ƙiftawar ido ba. Mutumin ya zabura, jarida ta faɗi. Ya tako, ya zame takalman nan masu ƙyalli ya bar su a baya, ya durƙusa a cikin ƙurar layi da farar jallabiyarsa, kai a sunkuye, hannu ɗaya a kan gwiwa.

"Na'am, Inna. Barka da Sallah."

Kun san mutanen garin nan ba sa gaisuwa haka. Su a tsaye suke yi, a dafa kafaɗa, a yi musabaha, a rungume. Cire takalmi a durƙusa wa tsohuwa a kan titi, wannan sai wanda aka ja wa kunne a kansa tun yana ƙarami, a irin gidajenmu. Shi kansa sai da ya kai ƙasa ya gane abin da ya yi. Na ga ya so miƙewa, ya kuma fasa.

Hajja ta miƙa masa kwanon. Ya karɓa da hannu biyu.

"Ɗan wa ye kai?"

Hausarsa ta fito a karye, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Ya ce ubansa ɗan ƙwadago ne a Jazira, ya sami takarda da sunan wata ƙabila, ya dawo birni, ya hana Hausa a gidansa. Uwar ce kawai ke yi masa in uban ya fita. Ta rasu bara. Matarsa ba ta san asalinsa ba, 'ya'yansa ba su sani ba, wurin aiki ba su sani ba. Wata rana motarsa ta lalace a bakin titinmu, ya zauna shan shayi, sai ya ji wani yana cewa rago ne kaɗai bai son darasin nan.

"Sunanka fa?" in ji Hajja.

"A takarda Awad. Inna tana ce mini Ɗanjuma."

"To Ɗanjuma, cire wannan abin daga idonka, ka shigo ka ci nama. Amma sai ka biya da jimla, haka dokar malamin take."

Ya shigo, ya zauna a gefen tabarma. Yara suka ce sai ya yi tashbihi. Ya dubi kwanon furar ya ce, "Furar nan kamar ta gida." Na ce ya ci, ko da yake a ƙa'ida jimlar ba ta da ado ko kaɗan. Da zai tafi ya sake durƙusawa ya yi wa Hajja sallama. Abakar ya tare shi a ƙofa ya ce, "Wane ofis ka ce kake?" Ya yi murmushi, ya mayar da tabarau, ya ce, "A ofis."

Bai sake dawowa ba. Ko kunya ce, ko tsoron kada wani ya kai labari gidansa, ko wani abu daban, ban sani ba. Hajja ba ta sake zancen ɗauke allo ba. Yara suka dawo da kaɗan-kaɗan har gwangwanaye suka cika, kuma da aka koma makaranta yawancinsu sun haye jarrabawar. Kasha ta ci gaba da sauka a kasuwa har ƙarshen shekarar, amma ba ta taɓa shigowa layinmu ba. Wasu suka ce Ɗanjuma ne ya tare mana. Wasu suka ce in har yana da ikon tarewa, to ai maganar Abakar ta fito.

Saboda haka kai mai sayen allo, ka saya, Allah ya sa albarka. Amma ka sani ba yaran gabanka kaɗai ke jin ka ba. Ka duba tsayin katanga kafin ka ɗaga murya, ka san irin harshen da za ka yi a wace unguwa, kuma ka nemi tsohuwa irin Hajja Kaltume ka zauna a inuwarta.

Abakar bai mayar da 'ya'yansa ba, ya kai su wurin wani malami a Alhilla Kuku mai darasi a ɗaki rufe. Mun shirya daga baya, har ya koma ƙara mini yanka ɗaya. Shekaru bayan nan, ya tsufa ya bar wa ɗansa tukuba, muna zaune ina ba wasu baƙi labarin nan kamar yadda na ba ku, na kai wajen durƙuson, kowa yana girgiza kai yana cewa Allah sarki. Abakar ya bari sai da suka tashi, sannan ya matso ya dafa gwiwata.

"Ustaz, tsakaninka da Allah. Don mutum ya iya durƙusa wa tsohuwa, shi ke nan ba zai iya zama ɗan amni ba?"